Ben Enwonwu (1917–1994): Mai Zanen da Ya Nemi Labarin Zuciya a Fuska

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji, da wuya a ce a zauren baje kolin zane ya fara ganin siffar mutum da aka fitar da fenti. Galibinmu a bayan manyan motocin da ke ɗaukar wake da aya zuwa kudu muka fara ganinta, ko a allon mai aski, inda ake jera kawuna huɗu ko biyar, kowane da irin askinsa. Gwanintar hannu a ƙasar Hausa ta fi karkata ga zayyanar Alƙur'ani, da aikin allura a wuyan riga, da adon bango irin na Zariya da Damagaram, da zanen ƙwarya. Sananne ne kuma cewa malamai sun yi bayani mai yawa game da hukuncin sura mai rai, abin da ya sa zanen mutum bai samu gindin zama a fasaharmu ta gargajiya ba. Duk da haka ba mu jahilci abin da fuska ke ɗauke da shi ba, tun da mu ne muka ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Wannan maƙala za ta bibiyi rayuwar wani maƙwabcinmu, Ben Enwonwu, ɗan ƙabilar Ibo daga Najeriya, wanda ya ƙarar da kusan shekara 60 yana tambayar fuska da jikin ɗan Adam wannan labari. Ya yi aiki da itace da tagulla da fentin mai, kuma a zamaninsa babu mai zane ɗan Afirka da ya kai shi suna a duniya. Abin da ya fi dacewa a lura da shi a tarihinsa shi ne yadda ya karɓi kayan aikin Turawa, ya zana mutumin Afirka da su cikin mutunci, har wata fuska guda da ya zana ta zama abin da ƴan ƙasarsa suka taru a kansa bayan yaƙi ya raba su.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Odinigwe Benedict Chukwukadibia Enwonwu ranar 14 ga Yuli 1917 a Onitsha, garin da fatakenmu ke kira Anaca, a gaɓar kogin Kwara, wato dai kogin Isa da ya ratsa Yamai kafin ya gangara Najeriya. Tagwaye aka haife su. Mahaifinsa ya yi aiki da kamfanin Turawan Ingila na Royal Niger, amma abin da aka fi saninsa da shi a gari shi ne sassaƙa: yana yin kujerun sarauta, da sandunan girma, da ƙyamaren ƙofofi masu ado, da siffofin da ake ajiyewa a wuraren bautar gargajiya. Mahaifiyarsa kuwa ƴar kasuwa ce mai sayar da tufafi.

Uban ya rasu a 1921, yaron bai wuce shekara 4 ba, ya bar masa kayan sassaƙarsa. Da waɗannan kayan ya koyi yadda ake fitar da kai da wuya da kafaɗa daga guntun itace, tun kafin wani malamin boko ya miƙa masa fensir. Wannan tushe bai rabu da shi ba har tsufansa. Ko a zanensa na fenti, mai kallo zai ga mutanensa suna da kauri da nauyi kamar waɗanda aka sassaƙa.

Tsakanin malamai biyu

A lokacin da Enwonwu yake makarantar firamare, zanen zamani a Najeriya yana hannun mutum guda, Aina Onabolu (1882–1963), Bayaraben da ya koya wa kansa zanen fuska, daga baya ya je Landan da Paris ya ƙaro ilimi. Burin Onabolu shi ne ya ƙaryata masu cewa baƙar fata ba zai iya zana mutum daidai da kamanninsa ba, saboda haka ya riƙe ƙa'idojin Turai na awo da haske da inuwa da ƙarfi. Shi ne kuma ya matsa wa gwamnatin mulkin mallaka ta kawo malamin zane, aka turo Kenneth Murray a 1927.

Murray ya zo da ra'ayi dabam. Yana ganin kwaikwayon Turai zai kashe fasahar ƙasa, don haka yakan umarci ɗalibansa su zana abin da suka sani: masu hawan kwakwa, da mata a rafi, da ƴan rawa a dandali. Enwonwu ya shiga hannunsa a Kwalejin Gwamnati ta Badun a 1934, ya kuma ci gaba da karatu a ƙarƙashinsa a Umuahia. A 1937 Murray ya kai ayyukan ɗalibansa wani zauren baje koli mai suna Zwemmer a Landan, cikinsu har da na Enwonwu, yana ɗan shekara 20. Daga nan ya koyar da zane a makarantu, ciki har da Kwalejin Edo ta birnin Benin, garin da maƙeran tagulla suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuba kawunan sarakuna.

Za a iya cewa rayuwarsa gaba ɗaya ƙoƙari ce ta haɗa waɗannan hanyoyi biyu. Ya yarda da Onabolu cewa dole mai zane ya ƙware a ƙa'ida har ba mai raina shi, ya kuma yarda da Murray cewa abin zanawa yana gida.

Ingila da fentin mai

A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya samu tallafin karatu ya tafi Ingila. Ya yi karatu a kwalejin Goldsmiths, da makarantar Ruskin ta Oxford, da makarantar Slade ta Jami'ar Landan, wadda ta yi fice wajen koyar da zanen jikin mutum. A can ɗalibi yakan shafe watanni yana nazarin ƙashi da tsoka da gaɓoɓi, yana zana mutumin da aka zaunar a gabansa, har hannunsa ya san yadda nauyin jiki ke sauka a kan ƙafa guda, da yadda wuya ke murɗawa idan kai ya juya. Bayan ya kammala ya ƙara da nazarin ilimin al'adun ɗan Adam, sannan ya koma gida a 1948 ya kama aikin gwamnati na kula da harkar zane, daga bisani ya zama mai ba gwamnatin tarayya shawara a wannan fanni.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan fentin mai, domin da shi ya yi zanukan da suka fi ɗaukaka sunansa. Garin launi ake niƙawa a kwaɓa da man da ake tatsa daga ƙwayar shukar lilin. Masu zanen arewacin Turai irin su Jan van Eyck ne suka inganta amfani da shi a ƙarni na 15. Bambancinsa da fentin ruwa shi ne jinkirin bushewa: yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, saboda haka mai zane yana da sararin narkar da wani launi cikin wani ba tare da an ga iyakarsu ba. Idan shafin farko ya bushe, sai a ɗora wani siriri a kansa wanda haske ke ratsawa ya dawo, a sake ɗora wani. Wannan ne ke sa fatar mutum a zane ta yi kamar akwai jini a ƙarƙashinta.

Sai dai an gina darussan wannan fasaha ne a kan farar fata. A tsofaffin zanukan Turai, baƙar fata yakan fito ne a gefe, bawa ko bara, riƙe da tire ko linzamin doki, fuskarsa a dusashe. Mai son zana baƙar fata a tsakiyar allo dole ya gano da kansa cewa launinta ba ɗaya ba ne: akwai ja da ruwan ƙasa a inda rana ta taɓa, akwai shuɗi da shunayya a cikin inuwa, goshi da ƙashin kunci kuma suna mayar da haske fiye da yadda farar fata ke yi. Enwonwu ya ƙware a wannan, ya zana mutanen ƙasarsa daga kowace kusurwa, ciki har da ƴan matan Fulani da fuskokin Hausawa da ya gani a tafiye-tafiyensa.

Jiki mai rawa

Babban jigon da ya fi daɗewa a kansa shi ne rawa. Wani Bature mai suna Geoffrey Gorer ya wallafa littafi a 1935 game da tafiyarsa a Afirka ta Yamma, mai suna Africa Dances. Enwonwu ya ɗauki wannan suna ya sa wa jerin zanukan da ya yi ta yi shekara da shekaru, wasu da fentin mai, wasu da fentin ruwa. A cikinsu yakan ja jikin mai rawa ya tsawaita shi, ya lanƙwasa baya, ya miƙar da hannuwa fiye da yadda halitta ta yi su, har mai kallo ya ji kamar kiɗan yana fitowa daga allon. Wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokowa ya ga ɗan kokowa yana taka rawa ga kiɗan makaɗinsa kafin a kama, zai gane abin da ake nufi: akwai lokacin da jiki ke faɗin abin da baki bai faɗa ba, na alfahari ko tsoro ko roƙo. Wannan lokaci ne yake farauta.

Wannan tunani ya haɗa shi da marubutan ƙasashe rainon Faransa. Ya halarci babban taron marubuta da masu fasaha baƙar fata da Alioune Diop da mujallar Présence Africaine suka shirya a Paris a 1956, ya kuma halarci bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. Ya yi kusa da Léopold Sédar Senghor, har ya sa wa wani jerin zanukansa sunan aƙidar Negritude, inda yakan zana inuwar mace baƙa a tsaye, doguwa, wasu siffofi suna kewaye da ita.

Sarauniya da Idon Rana

A tsakiyar shekarun 1950 ya yi ayyuka biyu na tagulla da suka kai sunansa ko'ina. Na farko shi ne Anyanwu, kalmar da a harshen Ibo ta haɗa ido da rana. Siffar mace ce da ta taso daga siririn tushe kamar tsiro, ta buɗe a ƙirji, ta miƙa hannuwa, kanta kuma ya ɗauko salon kawunan tagulla na Benin. Tana manne a gaban gidan kayan tarihi na ƙasa a Legas, kuma a watan Oktoba 1966 Najeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kyautar irinta.

Na biyu shi ne mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Bayan ziyararta a Najeriya a 1956, wadda ta kai ta har Kaduna da Kano, aka ba shi aikin, ta kuma zauna masa sau da dama a 1957, yawanci a fadar Buckingham. Ba a taɓa ba ɗan Afirka irin wannan aiki ba. Da aka nuna shi a Landan, wasu masu sharhi suka ce ya sa wa fuskar sarauniya kamannin matan Afirka. Ko da gangan ya yi ko ba da gangan ba, abin lura shi ne al'amari ya juya: an daɗe Bature yana zaunar da ɗan Afirka yana aunawa yana zanawa, ga shi yanzu ɗan ƙasar da ake mulka ya zaunar da mai mulkin yana duban ta da nasa idon.

Wannan ɗaukaka ta zo da nata nauyi. Wasu matasa sun ɗauke shi mai zanen gwamnati, ɗan gaban goshin Turawa. A 1958 ɗaliban zane na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyarsu, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun yi kira da a haɗa dabarun zamani da fasahar gargajiya, abin da shi Enwonwu ya riga ya fara, ko da yake kowane ɓangare yana ganin tasa hanyar ce daidai. Shi kuma a 1963 ya yi rubutu a mujallar Drum yana sukar masu zanen da suka rungumi salon da ba ya nuna siffar komai, sai launi da layi kawai, yana ganin kwaikwayon Turai ne a sabuwar riga. A wurinsa, mai zanen da ya saki siffar mutum ya saki hanyar da jama'a za su bi su fahimce shi.

Yaƙi

A 1966 Najeriya ta shiga rikici: juyin mulki biyu cikin shekara guda, kashe manyan shugabanni irin su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan kashe-kashen ƴan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, wanda ya sa ɗimbin jama'a suka gudu zuwa Gabas. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli 1967, bai ƙare ba sai Janairu 1970. Ƙasarmu ba ta kasance ƴar kallo ba, domin a Yamai aka yi zaman neman sulhu a watan Yuli 1968, Shugaba Diori Hamani yana mai masaukin baƙi. Garin Enwonwu, Anaca, yana cikin waɗanda suka fi shan wuta: an karya gadar da ta haɗa shi da yamma, babbar kasuwarsa ta ƙone.

Mutumin da ya yi shekaru yana wakiltar Najeriya ɗaya a idon duniya sai ya wayi gari danginsa suna gefe guda, gwamnatin da ya yi wa aiki tana ɗaya gefen. Zanukansa na wannan zamani sun canza. Yara masu manyan idanu da siraran wuyaye suka maye gurbin ƴan rawa, kuma a 1972 ya zana hadari mai duhu ya rufe ƙasar Biyafara. Abin mamaki, ana cikin yaƙin, a 1969, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa.

Tutu

A 1971 ya zama farfesan zane a Jami'ar Ife, a tsakiyar ƙasar Yarabawa, ya riƙe muƙamin har 1975. A can ya ga wata budurwa mai suna Adetutu Ademiluyi, jikar wani tsohon Ooni, wato sarkin Ife. Ya ɗauki watanni yana neman yardar iyayenta kafin su bari ta zauna masa, domin a wancan lokaci ba a ganin ya dace ƴar gidan sarauta ta zauna gaban baƙo yana zana ta. Tsakanin 1973 da 1974 ya zana ta sau uku da fentin mai. Zanen ya shahara da gajeren sunanta, Tutu.

Babu wani abu mai yawa a cikin allon. Bayanta duhu ne, babu fada, babu kujerar mulki. Ta ɗaura kallabi, mayafi ya sauko mata a kafaɗa, wuyanta dogo, ta juya kai gefe. Haske ya sauka a goshi da kunci, sauran fuskar ya narke cikin inuwa. Ba ta murmushi, ba ta ɓata rai, kuma ba ta kallon mai kallonta. Idonta yana kan wani abu da ke wajen allon. A nan ƙarfin zanen yake. Da ta dube mu, da mun ce tana neman yabo ko tausayi. Da yake ta kau da kai, sai mu ne muke neman sanin abin da ke ranta, kowa kuma yakan karanta nasa a ciki: wani ya ga kunya, wani ya ga sarauta, wani ya ga jimamin abin da ya wuce.

Lokacin da aka yi zanen ya ƙara masa ma'ana. Shekara uku kacal da ajiye makamai, gwamnatin Janar Yakubu Gowon tana kiran a sasanta a sake gina ƙasa, amma zukata ba su huce ba. Sai ga ɗan Ibo, wanda garinsa ya zama kufai, ya zana ƴar sarautar Yarabawa da irin girmamawar da mutum ke yi wa ƴar cikinsa. Aka buga hoton zanen a takarda aka yi ta sayarwa, ya shiga ɗakunan zama na gidaje masu yawa a Najeriya, har da na mutanen Gabas. Mutanen da ba su taɓa shiga zauren baje koli ba sun san wannan fuska.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1980 Najeriya ta ba shi lambar yabo ta ƙasa kan gudummawar ilimi da fasaha. A shekarunsa na ƙarshe ya koma ga abin da ya gani tun yana yaro a Anaca, wato dodannin gargajiya masu rufe fuska da jiki, waɗanda ke fitowa a bukukuwa da jana'izar manya. Bayan rasuwar wani ɗan'uwansa a 1987 ya yawaita zana dodon da ake kira Ogolo. Mutumin da ya yi suna da bayyana fuska sai ya ƙare yana zana jikin da aka rufe fuskarsa, ya bar tsayuwa da taku su ɗauki baƙin cikin. Ya rasu a gidansa na Ikoyi a Legas ranar 5 ga Fabrairu 1994, yana da shekara 76.

A lokacin, kasuwar zane ta duniya ta ɗan juya masa baya, zanukan Tutu uku kuma duk sun ɓace daga idon jama'a. Sai a ƙarshen 2017 wani ma'aikacin kamfanin gwanjo na Bonhams ya tarar da na 1974 rataye a wani gida a arewacin Landan. Ranar 28 ga Fabrairu 2018 aka yi gwanjonsa, masu saye a Legas suna bi kai tsaye, aka sayar da shi fam miliyan 1.2, alhali an yi masa ƙiyasin da bai wuce fam 300,000 ba. A shekara mai bi wani zanensa na 1971 mai suna Christine ya kai fam miliyan 1.1 a kamfanin Sotheby's. Masana taurari ma sun sa wa wani rami da ke duniyar Makyuri sunansa.

Kammalawa

Kuɗin gwanjo sun dawo da sunan Enwonwu bakin duniya, amma ba su ne ma'aunin aikinsa ba, domin tun kafin su talakawa sun riga sun rataye Tutu a bangonsu. Ya tarar da fasahar da ta saba ajiye baƙar fata a gefen allo, ya koye ta har ya fi masu ita da yawa, ya dawo da mutanensa tsakiya: mai rawa, da Bafulatana, da yaron da yunwar yaƙi ta rame, da ƴar sarki. Yau matasa masu zane a Legas da Zariya da Akara da Dakar sun sake komawa ga zanen fuska da jikin baƙar fata da fentin mai, duniya kuma tana rububin ayyukansu. Kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma da yawansu sun san a gonar wa suke girbi. Mu ma da fasaharmu ta bi wata hanya dabam, tarihinsa yana tuna mana cewa duban mutum da kyau, a tsanake, ba tare da tambayar ƙabilarsa ba, aiki ne da ake koya, kuma al'ummar da ta fito daga rikici tana da bukatar masu iya shi.